Facin da Na Yi wa Gonata

Har in koma ga Allah ba zan manta da abin da Lawwali, ƙanin matata, ya yi mini ba. Durom-durom na man gas ya jibge a gonata ta bayan gari, nan Batsari, wai na sati biyu. Suka shekara suna tsiyaya. Ƙasar ta yi baƙi ƙirin, ko ciyawa ta ƙi fitowa. Ita kaɗai ce gonar da ta rage mini. Ta wajen Runka na daɗe ban taka ta ba, kowa ya san dalili: 'yan bindiga.

Da mai unguwa ya matsa masa, sai ya ɗauko wata injiniya daga Katsina, Hajiya Rabi. Ta sa aka kakkafa bututai a gonar, aka haɗa da wani ɗan inji mai aiki da hasken rana, yana hura iska cikin ƙasa. Ta ce akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, in suka samu iska su za su cinye man. Na yi ta gyaɗa kai kamar na gane. (A aji biyu na sakandare na tsaya, amma a majalisarmu ni ne mai fashin baƙin labaran rediyo.)

"Baba, kai dai kada ka bari a taɓa komai," in ji ta.

Tana tafiya na zagaya, sai na ji bututan gefe suna huci, fuuu. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya na yi ina facin taya a tasha. A wurina duk iskar da ke fita asara ce. Na shafa kumfar sabulu, na ga tana tashi, na ce ashe ita ma injiniyar aikin ha'inci ta yi. Na yanko tsohon tiyub, na ɗaure bakin kowane bututu tam, na bi da gam.

Wata huɗu ina cika baki a majalisa cewa na gyara wa 'yan boko aikinsu. Ranar da Hajiya Rabi ta dawo ma, da ƙafata na je na gayyato mai unguwa da jama'a su shaida.

Ta zura na'urarta, ta duba, ta sake dubawa.

"Wa ya toshe waɗannan?"

Na dafa ƙirji. "Ni ne. Yoyo suke yi."

"Innalillahi! Baba, ai ta nan iskar ke fita in ta ratsa ƙasa. Shaƙe halittun nan ka yi. Wata huɗun nan ba abin da suka ci. Bana kam babu shuka."

Mai unguwa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Wani daga baya ya ce, "Allah ya ƙara basira, injiniya!"

Yanzu ga ruwa ya sauka, maƙwabta na shuka gero, ni ina tsugune ina kankare gam da wuƙa. Na dai gane, a makare, cewa ba duk abin da ke huci ne ke neman faci ba.

A ranar da asirina ya tonu kuwa, Lawwali ne ya fi kowa dariya, har da riƙe ciki. "Yaya, da ka tambaye ni mana!"

Na ce, "Yi dariyarka, Lawwali. Wautar tawa ce, ban musa ba. Amma daga yau yayarka da 'ya'yanta bakwai a gidanka za su ci tuwo. Ni ma ina tafe da kwanona."