Allurar Doki a Gindin Randa

"To zauna mana, mijina. Ko kujerar matarka ta yi maka kaɗan, tun da ka zama ƙato?"

Kaka Afiniki ta tura kujerar da ƙafa. Jikanta Levi, wanda ya dawo Kafanchan hutu daga makaranta a Gidan Waya, bai motsa ba. Tun safe take lura da shi: ƙirji ya cika riga, amma yana ɗan ɗingishi, ya ƙi zama. Da ta je ɗiban ruwa kuma ta tsinci wata kwalba a gindin randa, inda aka ɓoye ta don sanyi. Ta tsufa tana kiwon aladu, ta san irinta.

"Ni na sake ki tun bara," in ji Levi. "Mace babu haƙori, ina zan kai ki?"

"Tsohuwar zuma da ita ake magani. Wannan fa?" Ta ɗaga kwalbar.

Ya kalli kwalbar. "Maganin ƙarfi ne, Kaka. Duk masu ɗaga ƙarfe suna yi. Kamfani ya haɗa shi, ga hatimi, ga lamba."

"Ban yi boko ba, amma ina ganin hoto. Wane ne wannan a jiki? Babanka?"

"Doki ne."

"A kemis ka saya?"

"Shagon maganin dabbobi. Ai duk ɗaya ne, likitoci ne suka auna."

"Dusar aladuna ma kamfani ke yi, har da hatimi. In jiƙa maka? Sun auna, amma da doki suka auna. Kai ko bunsuruna ba ka kai ba."

"Kishi kike yi, 'yan mata sun fara kallona."

"Su kalla da kyau. Akwai toron aladen da aka taɓa tsira wa irin wannan a gidan nan. Ya yi faɗi kamar ƙofar majami'a, na sa shi cikin mata, ko ɗa ɗaya bai bayar ba. Ranar Alhamis na ja shi kasuwar Katsit. Igiyar tana nan, in za ka bi shi."

Levi ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

"In kai namiji ne, zauna," ta ce a hankali.

Ya sunkuya. Da ɗuwawunsa ya taɓa katako sai ya zabura, yana cije leɓe. Gumi ya karyo masa a goshi.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wa ya tsira maka?"

"Celestine, abokina." Muryarsa ta sauka. "Wurin ya kumbura, Kaka. Yana zafi kamar garwashi. Kada ki gaya wa Baba."

"Sirrin miji ai sai mata." Ta taɓa wuyansa, ta ji zazzaɓi. "Na binne miji ɗaya. Ba zan binne na biyu a kan maganin doki ba. Asibiti, yanzu. Da kwalbar za mu je, likita ya ga abin da ka sa wa jikinka."

"Kin ci, amarya. Na mai da aure."

Ta ɗaure kwalbar a bakin zane, ta damƙa masa dafaffun ƙwan da ta ajiye don kanta.

"Ga maganin ƙarfi na mutane. Nemo mana keke mai ƙafa uku."

"Mashin ya fi sauri."

"Da wane ɗuwawun za ka hau?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya nufi bakin titi yana ɗingishi, yana ɓare ƙwai.