Lawandi Jamus da Jar Motar Hajiya

Wani mutum ne a garejin bayan unguwarmu, sunansa Lawandi. Amma in ba ka ce Lawandi Jamus ba, ko waiwayowa ba zai yi ba. Wai a can ya koyo kanikanci. Na bar gari shekara da shekaru ina yawon duniya, na dawo na tarar ya yi tumbi, ƙaryar ma ta yi nata. Da cewa yake ya taɓa aiki a kamfanin motoci. Yanzu kuwa Turawa ne suka yi ta birgima a filin jirgi ranar da zai taho. Fasfo? Kullum yana wajen yayarsa.

Ni zaman gida ba ya karɓa ta, a garejin nake yini. Na tarar ana shirin zaɓen shugaban kanikawa, Lawandi ya tsaya, kuma rabin gareji sun fara yarda da shi. Abin da ya rage masa kawai a ga aikin Jamus da ido.

Sai ga Hajiya Lantana mai gidan biki a wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare. Kuloci ya ƙone. Ta sauke kwali: sabon faifan kuloci, da sil, wato baƙar robar nan mai da'ira da ke tare baƙin mai a bayan inji.

"Ɗana ya ce tunda za a sauke giyabos, a canja sil ɗin gaba ɗaya, kada a yi aiki biyu. Wa zai iya?"

Kowa ya fara sosa ƙeya. Lawandi ya buga ƙirji, tim!

"Hajjaju, wannan ai a Jamus yara muke ba wa su koyi hannu. Ku matsa, masu gyaran a-daidaita-sahu!"

Ya zura rigar aiki mai dogon hannu, aka ɗaga mota, ya shige ƙarƙashi. Hannu na aiki, baki na yaƙin neman zaɓe. Ƙwal! Ƙwaram! Giyabos ya sauko. Ya ɓanɓaro tsohon sil, ya wurga kan rufin kwano.

"Wannan ya yi ritaya. Haka zan yi wa tsofaffin shugabanni."

Tanimu mai walda ya leƙa. "Oga Jamus, a hankali dai. Sauri ya haifi nawa."

"Kai da ko Zariya sai an riƙe maka hannu? Koma ka liƙa bokiti."

Kafin la'asar ya ɗaure komai. Hajiya ta dawo, gareji ya cika maƙil, har masu shayi. Aka sauke mota, Lawandi ya murza makulli. Vuuum! Aka ɗau tafi. Yana ɗaga wa jama'a kai kamar an riga an rantsar da shi.

Sai muka ji ɗis. Ɗis. Shaaa!

Baƙin mai ya malalo daga ƙarƙashi, ya nufi takalmin Hajiya.

"Kashe! Kashe min mota!" in ji ta. "Malam, mene ne wannan?"

"Gumi ne, Hajjaju. Sabon sil sai ya yi gumi kafin ya zauna."

Tanimu ya ce, "Wannan gumin ai sai a kai ta asibiti."

"To jabu aka sayar miki!" in ji Lawandi.

Hajiya ta gyara mayafi, ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana ba ya sayen jabu. Anya ka ma saka shi?"

"Ni? Ni Lawandi? Da ido rufe na saka! Da wannan hannun! Na rantse da..."

Ya ɗaga yatsa sama. Hannun riga ya zame zuwa gwiwar hannu.

Kowa ya zuba wa hannun ido.

Ga sil nan, sabo fil, yana lilo a tsintsiyar hannunsa kamar awarwaro. Ashe ya zura shi ne yadda kanikawa ke yi don kada ya taɓa yashi, surutu ya ɗauke shi, ya mayar da giyabos a kan rami wayam.

Ya dubi hannun. Ya dube mu. "A... a Jamus sai an ɗumama shi a jiki..."

Tanimu ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. "Jama'a, ƙuri'a za mu ba shi ko guɗa?"

Wani ya toshe hanci ya rangaɗa: ayyururui!

Hajiya ko murmushi ba ta yi ba. Ta kama hannun, ta juya shi a hankali kamar mai duba kayan lefe.

"Masha Allah, ya yi miki kyau. Tashi ki sake sauke giyabos, amarya. In kin ba motar nata awarwaron, ni zan sayo miki na ɗaya hannun."