Ta'aziyyar Tsohon Cikin Waya

Na gaji da maganar nan, amma ga ta. Akwai wani shiri a waya da wani tsoho ke amsa tambayoyin masu kallo. Da ya daina fitowa, na yanke cewa rasuwa ya yi. Na katse hira a majalisarmu ta Daura, na sa aka yi masa Fatiha, har na bugi ƙirji cewa na taɓa sayar masa da rago a Mai'adua.

Sai da Sani tela ya shafa, sannan ya ce, "Alhaji, na'ura ce fa ta ƙirƙiro shi. Ko uwa ba shi da ita."

Har yau ko ɗan acaɓa ya hango ni sai ya rage gudu: "Alhaji, ya ƙarin haƙuri?"