Injin Barau Ya Shiga Bargo

Ni a wannan magana ba ma'aikacin nake tuhuma ba. Wanda ya sa hannu aka tura shi kwas ƙasar ƙanƙara nake tuhuma, kuma ya san kansa. Ka ɗauki mutumin da ruwan da ya sani bai wuce na buta ba, ka kai shi mako uku inda teku ke daskarewa har mota ta bi ta kai, ka dawo da shi ka ce ya kula da jiragen fito na Yauri. Me kake jira ya faru?

Mutumin ya dawo da hular ulu mai rufe kunnuwa, da wata takarda mai shafi goma sha biyu, ga kuma jarkar wani jan ruwa kamar zoɓon da aka tsinka. Ranar kasuwa ya sauka bakin kogi, rana na dukan ƙeya, shi kuwa yana cikin hularsa. Masu jirage na jin abin da ya kawo shi, kowa ya tuna da wani uzuri a tsallake, suka ja igiyar inji suka watse. Barau kaɗai ya rage, don ana tsakiyar sauke masa buhunan albasa.

Barau dattijo ne, shekara ashirin da shida yana fito tsakanin tsibirinsu da gari. Injinsa ɗaya tak, mai doki arba'in. Daga Nuwamba zuwa Maris ake jigilar albasa, kuma abin da injin nan ya samo a watannin nan shi gidan Barau ke ci har shekara ta zagayo.

Ma'aikacin ya ce, "Baba, an shirya wa injin nan shiga sanyi?"

Barau ya ce, "Shiga ina?"

"Sanyi. Sabon tsari ne. Za a cire shi daga ruwa, a tsiyaye shi, a rufe, a ajiye. Ba a buɗewa sai ƙanƙara ta narke."

"Wace ƙanƙara, yallaɓai?"

"Ta kogi."

Barau ya juya ya dubi kogin. Shanu na ciki har wuya, sun gudo wa zafi.

Ya ce, "Yallaɓai, ƙanƙarar da na sani a garin nan ta mai sayar da zoɓo ce, ita ma sai ranar da aka kawo wuta."

"Rigakafi ake yi, Baba. Da idona na ga ruwa ya daskare a cikin inji, ya fasa ƙarfe kamar ƙwai."

"A ina?"

"A can."

"To ai can ne."

"Inji inji ne, ba shi da ƙasa. Ko ka yarda a yi, ko in karɓe takardar fitonka yau ɗin nan."

Nan Barau ya auna zancen. In ya ƙi, ya rabu da fito gaba ɗaya. In ya yarda, albasar bana sai dai ya ji warinta a jirgin wasu. Shi bai yi boko ba, amma ya daɗe da sanin cewa mai takarda ba ya jin maganar kowa sai ta takardarsa. Sai ya ce, "Ɗan karanta mini wurin da aka ce a ajiye."

Ma'aikacin ya lashi yatsa ya buɗe shafi na tara. "A ajiye shi a tsaye, a ɗaki busasshe, a gidan mai shi."

"Madalla. Gidana kuwa yana tsibiri."

Ma'aikacin ya ji daɗi, ya samu mai biyayya. Ya ce su hanzarta, don da la'asar shugaban ofishinsu zai zo takanas ya ga hotunan aikin farko. Barau ya ce ai minti arba'in ne da inji. Ya riƙe masa jarkar ma har ya shiga jirgi.

A gaskiya mutumin ya iya abin da aka koya masa, wannan ba zan hana shi ba. Suna isa ya sa majiya ƙarfi uku suka kinkimo injin zuwa tsakar gidan Barau. Ya ce a wanke cikinsa da ruwa mai tsabta, aka kwashe randar Tabawa, matar Barau, tas. Ya tsiyaye fetur daga tanki, ya tsiyaye na kafireto. Ya kwance fulogi ya fesa mai a ramin. Ya koma ƙafar injin, inda giya take, ya zubar da tsohon mai ya ɗura sabo. Ya cire farfela ya lafta mata giris. Sannan ya ɗauko jarkar nan, ya yi ta ɗura jan ruwan har ya fito ta ɗaya gefen.

Tabawa na tsaye riƙe da ƙugu. Ta ce, "Ɗan nan, wannan na mene ne?"

"Maganin daskarewa ne, Inna."

"Wa ya daskare?"

"Ba kowa. Don kada a daskare."

Ta dubi zufar da ke ɗiga daga kunnuwan hularsa, ta dubi mijinta. Barau ya ɗauke kai yana kallon kaji.

Da aka zo rufewa aka ce sai da abu mai kauri. Gidan kaf bargo ɗaya ne, wanda su kansu ba su fi kwana biyu a shekara suna ɗaukowa ba. Aka naɗe injin da shi, aka bi da tamfol. Ɗakin Barau yana yoyo, saboda haka aka jingine shi a ɗakin Tabawa, kusa da gado.

Tabawa ta ce, "Malam, shekarata talatin a gidan nan. Ban tuna ranar da aka yi mini wanka, aka shafa mini mai, aka lulluɓe ni, aka ce in kwanta wata huɗu ba."

Barau ya ce, "Ke ba a tura kowa kwas a kanki ba."

Sai ma'aikacin ya zaro wayar ƙarfe da ɗan curin dalma, ya ɗaure tamfol ɗin, ya matse da filaya, hatimin ofis ya fito raɗau. Ya ɗaga murya don maƙwabtan da suka cika ƙofa su ji. "Duk wanda ya tsinke wannan kafin ƙanƙara ta narke, kotu."

Barau ya ce, "Ko ni mai shi?"

"Ko kai."

"Ko kai da ka ɗaure?"

"Ko ni. Ko shugabanmu."

Barau ya waiwaya wajen maƙwabta. "Jama'a, kun dai ji." Suka ce sun ji.

Aka ɗauki hoto: ma'aikaci da inji, Barau da inji, inji shi kaɗai. Tabawa ta kawo tuwo da romon kifi, baƙo ya ci ya suɗe kwano. Da ya duba agogo ya ga uku ta gota, ya miƙe ya nufi bakin ruwa, Barau na biye da shi riƙe da jarkar da babu komai. Ya shiga jirgi ya zauna a mazaunin da ya zo a kai, ya gyara hula. Barau ma ya shiga ya zauna a baya, ya ɗora hannu a katakon da inji ke zama.

Suka zauna. Ruwa na ɗan lasar gefen jirgi.

"Baba, mu tafi mana."

"Bismillah, yallaɓai."

Sai a lokacin mutumin ya waiwayo, ya ga katako.

Ya tambayi sauran jiragen tsibirin. Barau ya ce tunda labari ya bazu, babu mai inji da zai kusanto nan muddin hular nan na tsibirin. Ya ce a tuƙa da filafili. Barau ya ce jirgin buhu ɗari ne, ruwa kuma ya cika, in suka saki gaɓa sai dai a tsince su a Kainji jibi. Ya hango wani ɗan kwalekwale a kife a kan yashi, ya nuna. Barau ya ce wannan lafiyarsa lau, ɓulinsa biyu ne kawai, sai dai akwai dorina mai jego a tsakiyar hanya, kuma ba ta son baƙi.

Wayar ma'aikacin ta yi ƙara. Ya duba, sunan shugabansu ne, bai ɗauka ba. Ta sake yi.

"Baba, a ɗauko injin nan."

"Wanne? Mai barci?"

"A tsinke wayar hatimin kawai. In mun isa sai in sake ɗaurewa."

"A ɗaure a bakin kasuwa? Shafi na tara fa? Ni tsoho ne, yallaɓai, ba na son kotu."

"To ni zan tsinke."

"Kai ma ka ce ko kai. Ga mutane can sun ji."

Mai cewa ƙarya nake ya shiga jirgi ya je tsibirin. Wayar hatimin na nan rataye a ƙofar Barau, kowa ya san hannun da ya tsinke ta, kuma injin ya yi jigilar albasa har ƙarshen Maris babu wanda ya sake tambayarsa bargo. Amma kafin a kai ga nan, sai da mutumin ya tuɓe hular, ya matse zufarta a kogi, wayarsa na ta kuka a aljihu, ya ce, "Don girman Allah, Baba, yanzu ta yaya kake so in koma gida?"

Barau ya sunkuya ya tsoma yatsa a ruwan, ya ɗan jima, ya ciro.

"Da saura, yallaɓai. Ka ƙara haƙuri. Da zarar ya daskare, da ƙafa ma za ka taka."