Kwastomata Ta Kwatano

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a Bagudo ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, akwai mata sun fi ashirin da suka ɗauki nauyin tuna mini kyauta.

Bayan na gama sakandare na zauna a gidanmu a Illo, ni kuma ban iya zama ba. Sai na kama sana'ar man shanu. In sayi ɗanye a hannun matan Fulani, in soya da albasa, in tace, in ɗura a kwalabe masu jan murfi. Wata ƙawata ta saka ni a wani guruf na mata masu sana'a ta waya. Akwai mai ƙuli-ƙuli, mai busasshen kifi, mai ɗinkin hijabi, mai yaji, daga Bagudo, Kende, Sharabi har Illo. Shugabar guruf ɗin ita ce Anti Rukayya, mai turaren wuta, mace mai son tsari kamar hedimasta. Kullum da safe sai ta turo murya tana koyar da mu: a ɗauki hoto a hasken rana, kada a ajiye kaya a kan tabarmar da ta ci duniya, a amsa saƙon mai saye kafin ya huce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wata al'ada da ta ƙirƙiro. Duk wata sai ta zaɓi mace ɗaya, ta kira ta Tauraruwar Wata, kuma duk 'yan guruf sai sun ɗora kayanta a sitatus ɗinsu na mako guda cur. Ku duba fa: mace ashirin da wani abu, kowacce da danginta da ƙawayenta da dangin mijinta, duk suna kallon kwalbata. Ni da masu kallon sitatus ɗina ba su wuce ƙannena da wani tsohon ɗan ajinmu da ba man shanu ya kawo shi ba. Sharaɗi ɗaya ne: a ga shaidar kwastoma, wato hoton hirar da mai saye ya yabi kayanki. Doka kuma ɗaya ce: wadda aka kama da ƙarya, waje.

Wata biyu ina jira wani ya yabe ni. Masu sayena maƙwabta ne, kuma mutumin Illo ba ya rubuto miki saƙon yabo. In mai ya yi daɗi ya sake turo kwano, in bai yi ba ki ji labari a bakin rijiya. Anti ta ce a yi haƙuri, a hankali ake gina suna. Ni kuwa da haƙuri ba mu taɓa kwana ɗaki ɗaya ba.

To a nan Gwaggo Asabe ta shigo labarin, ba tare da ta san ta shigo ba. Yayar babana ce, gidanta na bayan namu, daddawa take sayarwa, kuma kamar yawancin masu cin kasuwar tsallake tana da layi biyu, na Najeriya da na Benin. Ɗanta ya saya mata babbar waya ya buɗe mata manhajar hira da layin Benin ɗin. Ba ta karatun boko, kira kawai take ɗauka ta saurari murya. Ranar da na ga lambarta ta fito a wayata da waɗannan lambobin farko na ƙasar waje, sai wani abu ya ce mini, ke, ga kwastoma daga ƙetare zaune a bayan gidanku tana shanya kalwa.

Na je na ce, “Gwaggo, kawo wayarki in gyara miki haske.”

Ta miƙo ba ta ko ɗago kai ba. Na goge sunanta daga wayata don lambar ta fito tsirara, na cire hotonta na saka hoton wata jaka mai sheƙi, sannan na zauna a kan turminta da waya biyu ina hira da kaina. Na rubuta daga tata: “Salam madam, mai ya iso Kwatano lafiya. Ban taɓa cin irinsa ba, marsi boku.” Na amsa daga tawa: “Ba komai Madam, mu dama inganci muka sa a gaba.” (Har da hoton zuciya na tura wa kaina. Ban ji kunya ba a lokacin, tarawa nake yi.) Na ɗauki hoton hirar, na goge ta daga wayar Gwaggo, na watsa a guruf.

Sauran mata in za su saka irin wannan hoto sukan rufe lambar mai saye da ɗan fure. Ni na bar tawa a buɗe da gangan. In na rufe, wa zai san daga ƙasar waje take?

Guruf ya ɗauki wuta. “Masha Allah!” “Har Kwatano?” “Ki koya mana sirrin!” Sai na ji abin ya yi mini daɗi, na koma gyaran haske. Cikin mako uku hasken wayar Gwaggo ya lalace sau biyar. Madam ta ce mijinta ya daina cin abinci sai da maina. Madam ta kai wa maƙwabciyarta. Madam ta ce 'ya'yanta da cokali suke sha. Ni kaina na fara ganin matar a ido: doguwa, fara, da tabarau.

Abin da ya fi muni, na fara ba da shawara. Akwai Sa'a, wata baiwar Allah daga Kende mai ƙuli-ƙuli, ta saka hoton kayanta a faranti, ƙafar akuya ta fito a gefe. Na rubuta mata a gaban kowa: “Sa'a, ƙuli kike sayarwa ko akuya? Da irin wannan hoton ko Sharabi kayanki ba za su kai ba, balle ƙetare.” Ta amsa da, “Na gode, zan gyara.” Wannan “na gode” ɗin har yau in na tuna sai na ji kamar in shige ƙasa.

Ƙarshen wata Anti ta sanar cewa za a yi taro a gidanta a Bagudo, a can za a naɗa Tauraruwa, kuma ni zan yi wa mata bayani a kan yadda ake samun kwastoman ƙasar waje. Na ɗinka sabuwar doguwar riga. Na hau mota da kwalabe goma sha biyu a kwali, ina rungume da su kamar jarirai saboda ramukan hanya.

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka kawo zoɓo. Na miƙe tsaye (ba wanda ya ce in miƙe) na fara.

“Matsalarmu,” na ce, “tunaninmu bai wuce bakin kasuwa ba. Ga iyaka nan kusa da mu, amma kun zauna kuna jiran maƙwabta. Dole mace ta buɗe kanta. Kwastoman waje ba ya son wasa, yana son tsafta, yana son gaskiya.”

Gaskiya. Da bakina na faɗa, har ina nuna su da yatsa.

Aka yi tafi. Anti ta gyara zama tana murmushi, ta ce, “Kun ji ko? To darasin yau shi ne bibiyar kwastoma. Ba a sayar wa mutum a manta da shi, ana kira a gaishe shi. Na ɗauki lambar Madam daga hoton da ƙanwarmu ta turo, yanzu za mu kira ta mu ji daga bakinta.”



Na ce, “Anti, yanzu tana ofis.”

“Yau Asabar.”

“Can suna aiki ranar Asabar. Kuma ba ta jin Hausa sosai.”

“Ai da Hausa take rubuto miki.”

Wata daga baya ta ɗaga hannu. “In Faransanci ne ina ɗan taɓawa, na yi shekara biyu a tsallake.” Wata ta ce ita kuma tana jin Dandanci, yaren da ake yi a tsallaken. Ban taɓa ganin mutane masu son taimako irin na ranar ba.

Na fara addu'a a zuci. Allah Ka sa ba caji. Allah Ka sa ba data. Allah Ka sa tana wajen tukunyar kalwa. Matar da sai ka kira ta sau huɗu kafin ta lalubo wayar daga ƙasan kwando, ranar ƙara ɗaya ta ɗauka. Anti ta buɗe sifika ta ajiye wayar a kan faranti a tsakiyar tabarma.

“Salamu alaikum! Wa ka magana?”

Muryar ta cika tsakar gidan, da kukan zakara a bayanta.

Anti ta sassauta murya. “Wa alaikumus salam. Don Allah da Madam nake magana, ta Kwatano?”

“Madam mi? Kwatano ina? Ni ko hanyar Kwatano ban sani ba. Asabe ta, ta Illo, mai daddawa.”

Sai na ji wata ta ce a hankali, “Lah, Gwaggo Asabe ce. Wajenta innata ke sayen daddawa.”

Anti ta kalle ni. Ni kuma na kalli kwalabena, kamar su za su yi bayani. Da ta kashe wayar a nan da na gode mata har abada, amma Anti mace ce mai son kai darasi ƙarshe. Ta ambaci sunana, ta ce, “Kin san ta? Mai man shanu?”

“In san ta? Ɗiyar ƙanena ta, ni na yi mata wankan jego da uwatta. Mi ta yi kuma? Wa ta zaga?”

Dariya ta fara tsiyaya daga gefe-gefe.

“Ba ta zagi kowa ba, Gwaggo. Cewa aka yi kina sayen mai a wajenta, har mijinki ba ya cin abinci sai da shi.”

“Mijina? Malam shekara tara da rasuwa, Allah Shi jiƙan shi. Kuma ni ban taɓa saye ba, kyauta nika ci, don mi zan saya?” Ta ɗan tsaya. Na ji lokacin da lissafin ya haɗu a kanta. “Kai! Ashe shi ya sa kullum ‘Gwaggo kawo in gyara miki haske’! Ni ina ta mamaki, haske na nan garau. Kuma aka ce mani hotona ya koma jaka!”

A nan tsakar gidan ya fashe. Mai busasshen kifi ta kwanta a tabarma tana riƙe ciki. Mai Faransanci tana ta maimaita “marsi boku” tana share hawaye. Ni ina tsaye a sabuwar rigata, na rasa yadda ake zama.

Anti ta daure ta ce, “To Gwaggo, tsakani da Allah, man nata yana da kyau?”

“To, na hwarko ta ƙona shi, ƙauri har gidana, don ba ta iya jira wuta ta kwanta ba. Na hwaɗa mata, ta yi ta hushi. Amma na yanzu, ban rage ta da komi ba, ba ta haɗa shi da man gyaɗa, ya ji albasa, in kin sa ga tuwo sai kin sha mamaki. Mai dai lahiya lau. Bakin mai man ne ba ya da murhi.” Ba ta ko numfasa ba ta ɗora, “Ku kuma ɗiyan nan, mata nawa ne nan? In kuna son daddawa, tawa ta kalwa ce zalla, ba waken suya ciki. Ina aikowa Bagudo duk mako. Ku riƙe lambar ga.”

Kuma suka riƙe. A gabana, mata bakwai suka zaro waya suna kwafar lambar Madam.

Da aka kashe, Anti ta ce doka doka ce, amma tunda man na gaskiya ne kwastomar ce ta jabu, ba za a kore ni ba. Zan turo murya a guruf in ba da haƙuri, kuma wata uku ba ni ba takarar Tauraruwa. Sannan ta sanar da wadda ta ci: Sa'a ta Kende. Mako guda ina ɗora ƙuli-ƙulinta a sitatus ɗina safe da yamma. Ta gyara hoton kuwa, ba akuya. Ranar taron ma da za mu rabu ta sayi kwalba ɗaya, ta ce, “Tunda Gwaggo ta yaba.” Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Kafin in kai tasha kwalabe tara sun tafi, duk a kan maganar matar da ta fara da cewa na ƙona mai.

Da na isa Illo ban shiga gida ba na hango ta zaune a ƙofa a kan kujera 'yar tsugunno, ta ɗaura ɗankwali ta karkata shi gefe.

Na durƙusa. “Gwaggo, ina wuni.”

“Wace Gwaggo? Madam za ki ce. Zo ki maida mani hotona, ki ɗauke jakar mutane.”

Sunan ya bi ta har kasuwa, kuma ba ta ƙi ba. Yanzu Madam Kwatano tana da masu saye a Bagudo fiye da ni, ita da ba ta san inda ake danna sitatus ba. Ni kuma duk sanda na soya sabon mai sai in kai mata ta ɗanɗana, in danna ɗaukar murya, in saka abin da ta faɗa a sitatus yadda ta faɗe shi, har da “yau albasa ta yi yawa” da “wagga yarinya ba ta jin magana”. Shi mutane suka fi saurara.

Abin da na koya? Na ɓata mako uku ina ƙera baƙuwa mai tabarau ta yabe ni, alhali mai faɗin gaskiyar da za a yarda da ita tana bayan gidanmu, kuma kyauta take ci. In kuwa har shaiɗan ya rinjaye ki sai kin ƙirƙiro kwastoma, to don Allah ki nemo wadda ba ta ɗaukar waya.