Ranar da Na Yi Jinya Irin ta Jamusawa a Hanyar Jiratawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi mini addu'ar mamaci ina ji da kunnena ba. Zamanin mulkin Faransa ne, ina sayen gujiya a hannun manoman Jiratawa, in kai wa wani bature mai kanti a Maraɗi, wanda muke kira Mushe Dogo (Mushe shi ne "malam" a bakin Faransawa).

Wata rana na iske shi da wani ƙaton littafi, na ce, "Mushe, na ciniki ne?" Ya ce a'a, labari ne da wani Bajamushe ya rubuta kan wani asibiti a ƙolin dutse. Attajirai masu tari ke zuwa, a naɗe su da bargo, su kwanta waje suna shan iska, ba motsi.

"Kuma biya suke yi?"

"Da tsada ma."

To, ina da ɗan tari a lokacin, kuma iska dai kyauta ce a Maraɗi. Dutse ne babu, sai na zaɓi wani tudu a bakin hanyar Jiratawa. Na ɗaure jakina, na lulluɓe da farin gwado daga kai har ƙafa (fari fa, kuma fuskata gabas!), barci ya kwashe ni.

Salatin mutane ya tashe ni. Manomana ne, da kayan gujiyarsu za su gidana. Kunya ta hana ni motsi. Na ji muryar babbansu, Baba Na'Allah: "Jakinsa ne, wallahi. Allah Ya jiƙansa. Mutum mai fara'a, sai dai tiyar da yake auna gujiyarmu da ita tana da zurfin ciki."

"Amin. Zurfi kam kamar rijiya. To gujiyar fa, Baba?"

"Sai mu kai wa Ɗan Tsibiri."

Abokin gasata ke nan! Na yaye gwado na zabura: "Ba inda za ku kai ta!"

Mutane suka watse, wani har ya bar takalminsa. Baba Na'Allah ya tsaya can nesa yana haki. "Ɗan nan, mi ya same ka?"

"Magani ne, Baba. Na Jamusawa."

"To Allah Ya ba ka lafiya. Ka ji abin da muka ce?"

"Na ji."

"Shi ke nan, ka hutar da mu maimaitawa."

Suka kora jakunansu sai Tsibiri. Tarin bai tafi ba sai da damina. Abin da na koya: mutum ya riƙa duba tiyarsa tun bai kwanta ba. Washegarin wannan abin na sayi sabuwar tiya, daidai wa daida.