Rasuwar Hajiya Bilanda, uwar zoɓon Sri Petaling

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kicin mai cike da ƙaurin waya, ni Zahraddeen Na'Allah, a madadin mazauna hawa na tara a gidanmu da ke unguwar Sri Petaling, nan ƙasar Malayawa inda muke karatu, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar injin markaɗenmu, wadda kowa ya sani da Hajiya Bilanda. Ta rasu ranar Lahadi, ranar ƙaramar Sallah ta shekarar 2009, da misalin ƙarfe goma na safe, tana tsaka da aiki.

Marigayiyar ta shigo hannuna shekara huɗu da suka wuce, a matsayin gado daga wata ɗaliba da ta gama karatu, akwatinta ya ƙi rufuwa. Ta zo da tsaga a murfi da maɓalli ɗaya da ba ya dannuwa, amma ba ta taɓa fakewa da wannan ta ƙi aiki ba. Murya gare ta, tubarkalla. Idan ta fara gurrr, ta haura zuwa wiiii, duk wanda ke waya da gida sai ya fita baranda.

Babban aikin da za a riƙa tunawa da ita a kai shi ne zoɓon Sallah. Busasshen zoɓo ne mai araha da nake samu a kasuwar unguwa, a dafa, ita kuma ta markaɗe abarba da kankana da citta da kanumfari, a tace, a haɗa. Ya fito ja wur, yana ƙamshi. Duk Sallah ɗalibai kan taso daga unguwannin Titiwangsa da Lembah Pantai, su ce gaisuwa suka zo, amma ido yana kan firij. Wanda ya yi kewar gida ya sha kofi biyu sai ka ga ya daina kallon bango.

Wannan zoɓo ne kuma ya kusa raba ni da Bashira, yarinyar da nake nema da aure. Abokin zamana Sirajo, mai son burga, ya sayo kofunan gilashi masu dogon wuya, ya ɗauke mu hoto kowa riƙe da jan abu, ya sa a Facebook. Hoton ya yi yawo har ya kai ga yayan Bashira, Dakta Maitama, malamin jami'a a Lembah Pantai, wanda mahaifinsu ya ce daga Kano ba zai saurari kowa a kaina ba sai shi. Dakta ya yi zargin giya ce, ya aiko cewa ranar Sallah zai zo da kansa, ya ga yadda ake haɗa abin nan, ya ɗanɗana da bakinsa. Aurena gaba ɗaya ya koma kan injin da murfinsa ke da tsaga.

Game da ciwon ajali kuwa, gaskiya ɗaya ce, ni na jawo. Don in burge Dakta, na ajiye ɗanyar cittar da ta saba da ita, na ɗauko busasshiya wadda mahaifiyata ta aiko daga gida, mai taurin tsakuwa. A ruɗe nake, ban jiƙa ta ba. Na zuba tafi guda na danna. Marigayiyar ta ce gurrr kamar kullum, sannan ta ce kak, kak, sannan ta yi wani ɗan siririn kuka da ban taɓa ji ba. Hayaƙi ya fito ta ƙasanta. Sirajo ya girgiza ta, ya hura mata iska, ya canza soket har uku. Ta riga ta tafi.

Shagunan layinmu duk a rufe saboda Sallah, ga Dakta ya bugo waya yana cikin jirgin ƙasa. Na ruga wajen maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bamalayiya da muke kira Makcik. Ita ba ta yarda da inji ba, turmin dutse take amfani da shi tun aurenta. Ta ce "Boleh, boleh," wato babu komai, ta miƙo mini shi da fara'a. Abin da ban tambaya ba shi ne me ta gama dakawa da safen. Ashe barkono ne da belacan, daddawarsu ta jatan lande, wadda warinta ke shiga dutse ya zauna. Na ɗauraye sama-sama, na hau daka.

A haka Dakta ya same ni, durƙushe da shaddar Sallah, ina dakan abarba. Ya zauna ya harɗe hannu, ya kalli komai tun daga turmi har rariyar tacewa. Na zuba masa a kofin nan mai dogon wuya na miƙa da hannu biyu. Ya kurɓa. Ya ajiye kofin. Ido ya kawo ruwa, tari ya biyo baya, har sai da Sirajo ya ɗauko masa ruwan sanyi.

Da numfashi ya dawo, ya share hawaye ya ce, "Zahraddeen, wannan kuke sha kuna ɗaukar hoto?"

Na ce, "Yaya, wallahi da marigayiya na raye ba haka yake ba."

Ya ce, "Bari kawai. Babu kamfanin da zai zuba wannan a kwalba wani ya saya. Zoɓo ne, na shaida, kuma zoɓon ma an zalunce shi. Ka turo magabatanka. Amma in na zo gidanku, ruwa kawai za ka ba ni."

Na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba, na juya in gaya wa wani, idona ya faɗa kan marigayiya a gefen murhu, shiru. Sai na ji ƙwalla, kuma ba ta barkono ba ce.

Marigayiyar ta rasu ta bar jug ɗaya, da murfi, da wuƙa mai baki huɗu wadda biyu suka lanƙwashe, da 'yar'uwar zamanta tukunyar shinkafa, wadda ita ma lafiya ta yi mata ƙaranci. Ta kuma bar ɗalibai sama da talatin da ba su san inda za su yi babbar Sallah ba.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da hantsi, lokacin da motar mai sayen tsofaffin jaridu da ƙarafa take zagayo layinmu. Sirajo ne zai sauko da ita, don haka ake roƙon kada kowa ya ba shi kyamara. Za a zauna karɓar gaisuwa a shagon mamak, wato mai shayin ƙasan bene, kowa ya sayi shayinsa. Ba za a raba zoɓo ba, ragowar na Sallah yana nan amma babu wanda ya nema.

Masu niyyar kawo wani abu na jaje, su riƙe shi zuwa Disamba, su kawo Kano ranar ɗaurin aure. Bashira ta ce bilanda ɗaya ta isa, kuma a hannunta za a danƙa, ba a nawa ba.